Idan aka kaɗa ƙararrawar darasin addini a makarantun Kaduna

Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandaren gwamnati a cikin garin Kaduna ya san abin da ke faruwa idan lokacin darasin addini ya yi. Ana kaɗa ƙararrawa sai aji ya dare gida biyu. Waɗanda suka fi yawa su zauna a kan bencinansu, sauran su kwashi littattafansu su fita neman ajin da ba kowa, in ba su samu ba su yi gindin darbejiya. A arewacin kogin Kaduna 'yan CRK, darasin addinin Kirista, ne ke fita. A kudancinsa, wajen unguwannin Sabon Tasha da Television, 'yan IRK, darasin addinin Musulunci, ne ke fita, in ma akwai su. Bayan minti arba'in kowa ya dawo mazauninsa, a ɗora da lissafi. Na yi shekaru ina kallon wannan ta tagar ofishin malamai, kuma ban taɓa jin yaro ya tambayi abokin zamansa abin da aka koya musu a can ba.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri, kada a yi mini mummunar fahimta. Raba ajin nan daidai ne, ina kuma goyon bayansa. Yaro Musulmi yana da haƙƙin ya ɗauki tauhidi da fiƙihu da sira daga bakin malamin da ya yi imani da su, yaro Kirista ma haka yake da haƙƙi a kan Littafi Mai Tsarki. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, balle a sa shi cikin ibadarsa. Mun kuma ga ƙurar da ta tashi a 2017 kan cusa IRK da CRK da aka yi ƙarƙashin inuwar darasi ɗaya tare da wasu darussa a manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta yi ta ƙorafi, har sai da ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sa hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta raba su, kowanne ya koma cin gashin kansa. Wannan magana ta wuce, ba ni da niyyar tono ta.

Abin da ke damuna daban ne. Yaro zai yi shekara shida a sakandare, ya san babban birnin Brazil, ya zana hanjin kwaɗo, ya haddace yadda ake zaɓen shugaba a Amurka, amma ya fita bai ji jimla ɗaya ta gaskiya daga bakin malami a kan abin da wanda ke gefensa a benci ya yi imani da shi ba. Kuma ba wai zai zauna da kai fanko ba ne. Gurbin da makaranta ta bari, mazauna bakin titi da guntayen bidiyon WhatsApp da TikTok ne ke cike shi. Na ji da kunnena ɗalibi Musulmi yana rantsuwa cewa Kirista ba sa azumi, kuma addininsu ya halatta musu zina. Na ji ɗaliba Kirista tana gaya wa ƙawarta cewa Musulmi wata suke bauta wa, kuma sun tsani Yesu. Ba mugunta ce ta sa su faɗa ba. Abin da suka ji ke nan, ba wanda ya taɓa ce musu ba haka ba ne.

A da tsakar gida ce ke wannan aiki. A gidan haya na taso a Tudun Wada, ɗakuna goma sha biyu, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Maƙwabtanmu na ɗakin kusurwa Bajju ne, maigidan yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Duk jajiberin Kirsimeti mahaifina ake kira ya yanka musu akuya, don kowa a gidan ya iya cin naman ba tare da ɗar-ɗar ba. Idan aka kira sallar magariba, Mama, haka dukanmu muke kiran matarsa, za ta miƙa hannu ta rage rediyonta ba tare da kowa ya ce mata komai ba. A bakinta na fara jin cewa zuwa coci ranar Lahadi "sujada" suke ce masa, abin da suke cirewa daga albashi "zakka", kuma da sunan Allah suke roƙo kamar yadda muke yi. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Ido ya gani, kunne ya ji.

Rikicin Fabrairun 2000 ya kwashe su zuwa ƙetaren kogi, ba su sake dawowa ba. Na 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙarasa abin da ya rage. Yau akwai saurayi ɗan shekara ashirin a Rigasa da bai taɓa shiga gidan Kirista ba, akwai takwaransa a Gonin Gora da bai taɓa cin tuwon sallah ba. Masaƙun da suka haɗa iyayensu a layin karɓar albashi ɗaya yawancinsu sun rufe. Wuraren da suka rage ana haɗuwa 'yan kaɗan ne: kasuwa, asibiti, motar haya, sai wasu makarantu. A cikinsu makaranta ce kaɗai aka gina don koyarwa. Idan ita ma ta kame bakinta, to mun bar yaran nan a hannun duk wanda ya fi iya ɗaga murya.

Don haka shawarata ita ce a ƙara wani ɗan gajeren darasi a babbar sakandare, daban da IRK da CRK, wanda aikinsa kawai bayanin abin da mutane suka yi imani da shi da yadda suke rayuwa da shi. Babu addu'a a ciki, babu wa'azi, babu kiran kowa zuwa ga komai. Kuma ina ganin ya kamata a fara shi daga inda ba wanda ya zata, wato daga addinin Buda.

Wani ɗalibina ne ya kawo ni ga wannan ra'ayi. A ƙarshen 2017, lokacin da hotunan Musulmin Rohingya suka cika wayoyin mutane, bayan sojojin Miyanmar sun kori fiye da mutum 700,000 zuwa Bangaladash, ina cikin darasin da bai shafi addini ba sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, su waɗannan 'yan Budan, littafinsu ne ya ce su kashe Musulmi?" Ajin ya yi tsit, Musulmi da Kirista duk sun zuba mini ido. Na ce masa, "Zauna, gobe zan ba ka amsa." Daren nan na yi karatu, washegari na ba su minti ashirin.

Na gaya musu cewa wanda ake kira Buda sunansa Siddata Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Mabiyansa suna ba da labarin cewa an tsare shi a fada don kada ya ga wahalar duniya, har ranar da ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida. Koyarwarsa ta tsaya a kan abu huɗu: rayuwa ba ta rabuwa da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne da maƙale wa abin da ba ya dawwama, ana iya kashe wannan kwaɗayi, kuma akwai hanya mai rassa takwas ta yin hakan. Na ce musu kowane mabiyi yana ɗaukar alkawari biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Na kuma faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa addinin bai ginu a kan Mahalicci ba, sun yarda mutum yana mutuwa ya sake dawowa gwargwadon aikinsa, suna kuma rusunawa gaban mutum-mutumin Buda a wuraren ibadarsu. Mabiyansa ɗaruruwan miliyoyi ne, su ne mafiya yawa a Tailan da Siri Lanka da Kambodiya da Miyanmar, suna kuma da yawa a Japan da Sin.

Abu biyu suka faru a ajin nan da har yau ban manta ba. Yaron da ya yi tambayar ya ce, "To Malam, ke nan waɗanda suka yi kisan sun saɓa wa addininsu ne." Na ce masa alkawarin farko ma suka karya, kuma gaskiya ne akwai wasu malaman addinin a can da suka yi ta hura wutar ƙiyayya. Kafin in rufe baki wata yarinya Kirista daga baya ta ce, "Kamar Boko Haram ke nan." Ba ni na sa mata maganar a baki ba. Ita da kanta ta gano cewa abin da littafi ya koyar daban, abin da wasu masu riƙe da littafin suka aikata daban, kuma ta ɗauki ma'aunin ta auna maƙwabcinta da shi. Wannan shi ne darasin da Kaduna ta fi buƙata, kuma da na fara shi da misalin Kaduna da ba a kai ƙarshensa lafiya ba.

Na biyun shi ne, da na zo kan maganar babu Mahalicci, sai na ga Musulmi da Kirista suna kallon juna da mamaki iri ɗaya. A karo na farko suka tsinci kansu a gefe guda. Dukansu sun yarda Allah ne Ya halicci sama da ƙasa, rai ɗaya ake yi, akwai tashin kiyama, akwai hisabi. Abin da suka shekara suna ɗauka kowa a duniya ya yarda da shi, ashe gado ne da su biyun suka yi tarayya a kansa.

Dalilina ke nan na cewa a fara daga nesa. A Kaduna ba wanda ɗan Buda ya ƙona wa shago, ba wanda ke tsoron 'yarsa za ta koma addinin. Zuciya a kwance take, don haka yaro zai iya koyon ladabin sauraro: ya ji abin da bai yarda da shi ba, ya fahimce shi daidai, ya maimaita shi ba tare da ƙari ko ragi ba, imaninsa kuma yana nan inda yake. Mai koyon tuƙi a fili yake farawa kafin ya hau titin Ahmadu Bello da yamma.

Ga 'yan'uwana Musulmi da za su ce wannan baƙon abu ne daga Turawa, sai in ce mu waiwayi namu tarihin. Abu Raihan al-Biruni, kusan shekara dubu da suka wuce, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Indiya, ya rubuta aƙidunsu yana mai cewa aikinsa ruwaito abin da suka faɗa ne, ba jayayya da su ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yi babban rubutu a kan addinai da ƙungiyoyi. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ɗaukar wa kansa sharaɗin kawo ra'ayin kowace ƙungiya yadda yake a wurin masu shi, har Buda ya ambata. Waɗannan ba su fita Musulunci don sun san abin da wasu ke cewa ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Yaya mutum zai kiyaye harshensa daga abin da bai ma san yana da tsarki a wurin wani ba? Ga 'yan'uwa Kirista kuma, babi na 17 na Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus yana zagaya birnin Atina yana duba wuraren ibadarsu, yana karanta abin da aka rubuta a jikin bagadi, har ya kawo baitin mawaƙansu a jawabinsa. Sai da ya san su sannan ya yi musu magana.

Bayan an yi sharar fage da na nesa, sai a matso gida. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, kuma a nan nake ganin ƙofar da ta fi dacewa a shiga ta ita ce ta iyali. Idan ka buɗe darasi da Triniti ko gicciye ko annabci, ka fara da inda aka fi saɓani, inda kowace kalma ke iya zama tartsatsi. Amma aure, haƙƙin iyaye, tarbiyyar 'ya'ya, zaman miji da mata, waɗannan kowane yaro a ajin ya baro su a gida da safe, zai kuma koma ya tarar da su.

Shekarun baya wata abokiyar aikina ta aurar da 'yarta a wani coci a Sabon Tasha, ta gayyace mu. Na je, na zauna a baya. Kafin ranar na san an riga an yi gaisuwar iyaye an biya sadaki bisa al'adarsu, an yi Lahadi uku ana sanar da auren a gaban jama'a ko akwai mai magana, ango da amarya kuma sun yi makonni suna zuwa wurin fasto ana yi musu nasiha. Fasto ya tambaya wa ya ba da yarinyar nan aure, mahaifinta ya miƙe ya amsa. Aka karanta musu daga wasiƙar Afisawa, inda aka ce wa maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, aka kuma karanta inda Yesu ya ce abin da Allah Ya haɗa kada mutum ya raba. Suka yi alkawarin zama tare cikin daɗi da wuya, cikin lafiya da ciwo, har mutuwa ta raba. 'Yan Zumuntar Mata, cikin ankonsu, suka tashi da waƙa da Hausa tsantsa suna yi wa amarya gargaɗin haƙuri da riƙon surukai, kusan kalma-kalma irin wanda gwaggonnina suka yi wa ƙanwata daren kai ta ɗaki. Da muka fito abokiyar aikin tawa ta ce, "Malam, ka ga yadda muke yi." Na ce, "Na gani, Malama. Allah Ya ba su zaman lafiya." A hanyar dawowa abin da ke raina shi ne ɗalibin nan da ya rantse cewa addinin mutanen nan ya halatta zina. Da ya zauna inda na zauna na awa biyu, da bai sake faɗa ba.

Ba kowane yaro za a kai coci ko masallaci ba, bai ma kamata a tilasta ba. Amma ana iya kawo masa abin cikin aji. A nuna masa cewa cikin dokoki goma akwai girmama uwa da uba, akwai hana zina, akwai hana shaidar zur a kan maƙwabci. A nuna masa inda Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunta bangaskiya. A ajiye waɗannan kusa da aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta hana ko "tir" a ce wa iyaye, da aya ta 21 a Suratur Rum a kan soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata. A nan ma Buda yana da abin cewa: cikin nasihar da aka ruwaito ya yi wa wani saurayi mai suna Sigala, ya ce ɗa ya ɗauki nauyin iyayen da suka ɗauki nasa, iyaye kuma su hana ɗa mugun aiki, su koya masa sana'a, su yi masa aure da wadda ta dace, su miƙa masa gadonsa a kan lokaci. Wane dattijo ne a Kawo ko Kagoro zai ji wannan bai gyaɗa kai ba?

Sai dai ban yarda da darasin da zai tsaya a "ai duk ɗaya muke" ba. Wannan yaudara ce, yara kuma suna saurin gano ta. Bambanci yana nan, kuma saninsa ne ma ya fi amfani. Musulunci ya halatta mace har huɗu da sharaɗin adalci, ya halatta saki ya gindaya masa idda da haƙƙoƙi, ya yanka wa kowane magaji kasonsa. Koyarwar coci mace ɗaya ce. Katolika suna ɗaukar aure ibada ce da ba a warware ta, sai dai kotun coci ta binciko cewa tun asali auren bai ƙullu ba, limamin cocinsu, wato fada, kuma ba ya aure. Coci-cocin ECWA da Baptis da Angilika da HEKAN fastocinsu suna aure, kuma kowace da yadda take bi da maganar rabuwa. Su kansu coci-cocin Afirka sun daɗe suna fama da tambayar mutumin da ya karɓi Kiristanci da mata biyu ko uku a gidansa: ya kore su ne, su da 'ya'yansu su shiga wani hali? Sai a taron bishop-bishop na Angilika na Lambeth a 1988 aka amince a yi wa irin wannan mutum baftisma da iyalinsa, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba. Yaro Musulmi da ya ji wannan zai gane cewa maƙwabtansa ma suna da nasu fiƙihun, da nasu saɓanin malamai. Yaro Kirista da ya ji ƙa'idojin idda da ciyarwa da renon 'ya'ya zai daina ɗauka saki a Musulunci kamar cire riga ne, ko da ya ga wasu suna yin sa haka.

Wannan ilimi na aiki ne, ba na ado ba. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, jihar nan ke tafiya da kotunan shari'a da kotunan gargajiya gefe da gefe da na majistare. Auren rajista yana da dokarsa: sai an kafa sanarwa ta kwana 21, kuma wanda ya ƙara mace a kansa ya aikata laifi a idon doka. Yaran da ke kan benci yau su ne gobe nas ɗin da za ta tsaya kan gawar wanda ba addininta ba, ɗan sandan da za a kawo wa rigimar miji da mata, shugaban ma'aikatar da za a nemi hutun takaba ko na makoki a wurinsa. Ga kuma gidajen da suka haɗa duka biyun. A Wusasa da Kafanchan da Kachia akwai yaron da kawunsa fasto ne, baffansa liman. Shi wannan ba ma sai an gaya masa amfanin darasin ba.

Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba. Uba zai ce yarona bai gama sanin nasa ba, za ku rikita shi da na wasu. Wannan tsoro na gaskiya ne, shi ya sa na ce babbar sakandare, lokacin da yaro ya kai sha biyar ko sha shida, ya yi shekaru a Islamiyya ko makarantar Lahadi. Amma ina roƙon uban nan ya karɓi wayar ɗansa ya duba na minti goma. Yaron ya riga ya ji labarin addinin wasu, a bakin masu zagi da masu muhawarar neman mabiya. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko ya ji daga malami mai manhaja da sa-ido, ko ya ci gaba da ji daga can. Duk da haka, uban da ya ce bai yarda ba a bar masa ɗansa. A Ingila, inda doka ta wajabta darasin addini a makarantun gwamnati kuma ake koyar da Musulunci da addinin Buda da sauransu tare da Kiristanci, iyaye suna da ikon janye 'ya'yansu. Kusa da mu, a Gana, yaran firamare da ƙaramar sakandare suna koyon Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya a darasi guda. Ban ce mu kwafi Gana ba, tarihinmu ba irin nasu ba ne, amma ta nuna abin ba gagara-badau ba ne. Kuma tunda na ambaci gargajiya, kada a manta da ita a namu darasin: Maguzawa suna nan, kuma kakannin Bajju da Atyap da Gbagyi da Hausawa duk suna da abin da suka bauta wa kafin zuwan littattafan nan biyu.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na malami. Kada mu manta rikicin Maris na 1987 a makaranta ya fara, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wurin da ake horar da malamai. Mai wa'azi a taron ɗalibai Kirista ya taɓo ayoyin Alƙur'ani, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Wani zai ce to ka gani, a bar kaza cikin gashinta. Ni abin da na karanta a ciki shi ne haɗarin mutum ya ɗauki littafin wani ya fassara shi don ya ci shi da hujja. Darasin da nake magana a kai dokarsa ta farko kishiyar wannan ce: malami ya bayyana addini ta yadda da mai addinin yana zaune a ajin zai ce haka ne, haka muka yi imani. Malamin da ba zai iya haɗiye ra'ayinsa na minti arba'in ba, kada a ba shi allin. A jihar da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji a 2017, ba wanda zai yi wasa da maganar horo. Gara a jinkirta shekara biyu ana shirya malamai da a fara gobe da waɗanda za su mai da aji dandalin muhawara.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kayan aikin a jihar nan suke. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam a Kaduna take, haka Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI. Ga jami'ar jiha, ga ABU, ga kwalejin Gidan Waya. Bishop Josiah Idowu-Fearon ya yi shekaru a nan yana koyar da Kirista abin da Musulunci ya ƙunsa, a cibiyar da ya kafa ta nazarin dangantakar Kirista da Musulmi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a 1992 kowannensu ke jagorantar matasa a ɓangaren da ke gaba da ɗayan, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, tun 1995 suke aiki tare. A 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Irin waɗannan mutane za a zaunar su rubuta ɗan littafin. Babin Musulunci Musulmi su rubuta, na Kiristanci Kirista, kowane ɓangare ya karanta na ɗayan kafin a kai maɗaba'a. A buga shi da Hausa da Turanci, a ba iyaye su gani kafin 'ya'yansu. Kada a sa shi cikin jarrabawar WAEC ko NECO tukuna, don da zarar an sa, haddar amsa zai koma.

Ba sai an jira Abuja ba, ba kuma sai an game jihar a tashi ɗaya ba. Ma'aikatar ilimi ta zaɓi makarantu kaɗan a unguwannin da har yanzu ake cakuɗe, irin su Barnawa da Kakuri da Malali, darasi ɗaya a mako ga 'yan SS2, zango biyu, sannan a zauna da iyaye da malamai a ji abin da ya biyo baya. Kuma a shiga ajin mutum biyu. A makarantar da na koyar, malamin IRK da malamar CRK tebur ɗaya suke zama a ofis, adashi ɗaya suke zubi, ranar da mahaifiyarsa ta rasu ita ta tattara kuɗin gaisuwa ta kai har gida. Sun fi shekara goma a haka, kuma ba a taɓa ba su jadawalin da zai tsayar da su gaban aji ɗaya yara su gan su tare ba. Da su nake so a fara.